Shere, Yankari, Mambila ko dai a haɗu a gari? Ga 'yan bautar ƙasa da suka kasa tsayar da magana

Kowane guruf na waya na 'yan fulatun (rukunin da ake raba 'yan bautar ƙasa na NYSC) da aka buɗe a kam, wato sansanin horaswa, akwai lokacin da maganar haɗuwa ke tashi, yawanci wajen wata na huɗu ko na biyar, an saba da PPA, wato wurin da aka tura mutum aiki, an gaji da indomi da ƙwai a loj, masaukin 'yan bautar ƙasa, kewar mutanen da aka sha rana tare a filin fareti ta fara cin kowa. Sai wani ya jefo "jama'a ya kamata fa mu haɗu", kafin kace me wani ya turo hoton Mambila hazo ya lulluɓe tsaunuka, wata tace ita dai Yankari, wani yace Jos, shi kuma wanda aka jefa can ƙauyen da sai ya hau tudu yake samun sabis yace dan Allah kuzo Kano kawai aci gurasa a watse. Sati biyu ana musu, ƙarshe kowa ya kama gabansa. To bari mu auna su ɗaya bayan ɗaya, amma kafin nan sai an yarda da ma'aunin tukunna, don yawancin musun nan kyan hoto ake aunawa, kuma hoto baya biyan kuɗin mota.

Da me zamu auna?

Na farko kwanaki. Kofa, wato ɗan bautar ƙasa, ba mai ikon kansa bane, akwai kiliyarans, wato tantancewar wata-wata da ake dangwala yatsa, akwai CDS, taron aikin raya al'umma, duk sati, ga shugaban makaranta ko ogan ofis da yake ƙirga ranakun da baka zo ba. A ƙa'idar NYSC ma ba'a barin jihar da kake hidima sai da rubutaccen izini, takarda ta bi ta hannun wurin aikinka da LGI, jami'in NYSC na ƙaramar hukuma, har zuwa kodinetan jiha. Na san ana zillewa, kowa ya sani, amma in wani abu ya faru dakai a hanya tambayar farko da za'a yi ita ce waye ya baka izini, kuma ana ƙara wa mutum wa'adin hidima akan irin wannan. Saboda haka wurin da yake cin kwana biyu daban, wanda yake cin kwana shida daban.

Na biyu kuɗi. Alawin da gwamnati ke biyan kofa duk wata ya tashi daga dubu 33 zuwa dubu 77, an fara biya a watan Maris na 2025, amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin kujera a tasha baya kwana wuri ɗaya, shi yasa zan riƙa aunawa da alawi, kwata ko rabi ko gaba ɗaya. Kuma aljihun da za'a duba ba na wanda jiharsa ke bashi ƙari ko yake aiki a kamfani bane, na wancan ne da yake koyarwa a firamare kuma yake turawa gida wani abu duk wata.

Na uku hanya da tsaro. A watan Agustan 2023 aka sace matasa 'yan Akwa Ibom a hanyar Zamfara suna tafiya kam ɗin Sakkwato, wasunsu sun yi watanni a daji. Hukumar kanta kullum gargaɗinta ɗaya ne, in ƙarfe shida na yamma tayi a yada zango, a nemi loj ɗin kofas ko barikin soja ko ofishin 'yan sanda a kwana. Duk shirin da bazai yiwu ba sai da tafiyar dare, ni a wajena ya faɗi tun kafin a fara.

Sai wahalar jiki, sannan ƙarkon shirin. Abinda nake nufi da ƙarko, mutum goma ne zasu ce zasu, ranar tafiya shida zaka gani in anyi sa'a. Wane shiri ne zai tsaya da ƙafarsa in mutum huɗu sun janye, wanne ne zai ruguje saboda an riga an raba kuɗin shatar mota kashi goma?

Duwatsun Shere, Jos

Zan fara da wanda nafi so, ba ɓoye-ɓoye. Shere na gabashin Jos, kamar kilomita 10 daga cikin gari, ƙololuwarsa ta kai wajen mita 1,829, amma kar lambar ta tsorata ku, shi kansa garin Jos yana kan mita 1,200 da ɗoriya, kenan fiye da rabin aikin mota ta riga tayi muku. A nan makarantar horaswa ta su Man O' War take, waɗancan da suka sa ku rarrafe da hawa igiya a kam, to nan ne ɗaya daga gidajensu.

Hawan na yini ɗaya ne. Ku fita bayan asuba, kafin la'asar kun dawo masauki. Akwai wurare masu sauƙi da ko wanda bai taɓa hawa dutse ba zai iya, akwai kuma inda sai ka sa hannu da gwiwa, ka matse jiki ka ratsa tsakanin manyan duwatsu biyu, na gaba ya miƙo hannu ya ja na baya, anan ake gane waye yake ta cika baki a guruf. In an kai sama ga garin Jos shimfiɗe, ga ruwan dam ɗin Lamingo yana ƙyalli, ga iska mai sanyin da take sa mutum ya manta tsakar rana ce. Wanda ya gaji a rabin hanya zai iya zama a inuwar dutse da mutum ɗaya ya jira, ba'a ɓata wa kowa tafiya ba, kuma wannan babban abu ne in guruf ɗin haɗin gambiza ne maza da mata, masu ƙwari da masu haki.

Kuɗi: babu shatar mota mai tsada, kowa ya hau motar haya daga inda yake, daga Bauchi awa biyu ne ko ƙasa, daga Abuja ta Keffi da Akwanga rabin yini, daga Kano ko Kaduna ma ka fita da safe ka isa da rana. Masauki akwai na kowane aljihu, kuma in da wanda ya san mutanen MCAN ko NCCF na Filato, wato ƙungiyoyin kofas Musulmi da Kirista, a cikinku, a kira su tun da wuri, sau da yawa kwana baya gagara. A lissafina wanda ke maƙwabtan jihohi bazai ci rabin alawinsa ba. Jagora kam ku biya, kar kuyi rowa anan, duwatsun kama suke da juna, saukowa tafi hawa rikitarwa, kuma akwai ƙungiyoyin masu hawa dutse a Jos da suke fita ranar Asabar, bin su yafi araha kuma yafi kwanciyar hankali.

Matsalarsa ita ce matsalar Filato. Cikin gari yawanci lafiya lau, amma yankunan Bokkos, Mangu, Barikin Ladi da Riyom sun sha fama da rikici, kuma in abu ya tashi ana iya sa dokar hana fita ba shiri. Ku tambayi wanda yake zaune a garin kwana biyu kafin tafiya, ba wanda ya karanta a Facebook ba. Da damina dutsen santsi yake, ga tsawa, Nuwamba zuwa Fabrairu yafi, sai dai sanyin Disamba a Jos ba wasa bane, alwalar asuba sai ka yi shahada. In an sauko da sauran ƙarfi akwai gidan tarihi na Jos da aka buɗe tun 1952, akwai gandun namun daji, ga dankalin Turawa da gwate da ake samu da arha.

Yankari

Wannan gaskiya ba hawan dutse bane, hutu ne, kuma ba laifi bane mutum yace shi hutu yake so. Gandun yana ƙaramar hukumar Alkaleri a Bauchi, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244, an kafa shi 1956 aka buɗe wa jama'a 1962, ya zama na tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe, a Dindima a karya, a shiga ta ƙofar Mainamaji, daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sauran kilomita 40 da wani abu a cikin daji. Wannan kilomita 40 ɗin ita ce duk lissafin, domin ba inda zaka tsaya ka tare tasi bane, ko dai ɗayanku yana da mota ko kuyi shata daga Bauchi direba ya kwana daku ko ya dawo ɗaukarku. Anan ƙarkon shirin yake da rauni, kun raba kuɗin Sharon ku bakwai, daren tafiya biyu sun kashe waya, sauran biyar ɗin su zasu ɗauki nauyin. Maganinsa ɗaya, kuɗin mota a tara shi tun sati guda kafin nan, wanda ya fasa kuɗinsa ya tafi.

Abinda ake zuwa dominsa ruwan Wikki ne, ɗuminsa wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, garai-garai kana hango yashin ƙasa, yana fitowa daga ƙarƙashin wani dutse. Don zaman hira da abokai babu kamarsa a jerin nan. 'Yan'uwa mata da basa son shiga ruwa a gaban maza, a tsara lokaci, da sassafe kafin jama'a su cika yafi, kuma ranakun Sallah da Kirsimeti wurin cika yake maƙil. Sai fita kallon dabbobi a motar gandun da ma'aikaci, giwa sa'a ce ba alƙawari ba, anfi ganin dabbobi da rani daga Janairu zuwa Afrilu lokacin da ciyawa ta bushe suka taru a bakin kogin Gaji. Akwai kogunan Marshall ga mai son ɗan taka ƙasa.

Birai kuma, wato gwaggon biri, ba labari bane. Ka ajiye leda mai burodi ka juya ka amsa waya, sai dai ka hango ta a saman bishiya, kuma sun iya tura ƙofar da ba'a sa mata sakata ba. Kar wanda ya miƙa musu abinci don hoto.

Kuɗi anan yafi na Jos saboda komai biya ne, shiga, ɗaki, motar safari, ga abincin ciki da tsada, gara kuyo cefane daga Bauchi. Rabin alawi zuwa sama, in kun cika mota kuma an haɗu a ɗakuna. Tsaro kuma yankin Alkaleri ya taɓa fama da 'yan bindiga, don haka a shiga da rana a fito da rana, a kira ma'aikatan gandun kafin a taso.

Mambila

Toh ga wadda take raba guruf. Wanda duk yaga hotonta sai ya rantse can za'a je, kuma ban ga laifinsa ba, wurin yakai. Tsaunin yana ƙaramar hukumar Sardauna a Taraba, hedikwata Gembu, tsayinsa a matsakaici mita 1,600, tuddai kore shar suna bin juna, shanu suna kiwo ba mai kora, ga gonakin shayi na Kakara inda ake yin Highland Tea, ga dajin Ngel Nyaki. Hausa tana yi, amma wanda yake jin Fulatanci a cikinku shi ne zai zama shugaban tafiya ko baya so.

Yanzu ga lissafin da ba'a turowa tare da hoton. Sai ka fara isa Jalingo, wanda ga mafi yawan mutane yini guda ne cur. Washegari ka kama hanyar Bali, Serti, Mayo Selbe, daga nan a fara hawa, kwana-kwana mota tana nishi a giya ɗaya, gefe guda dutse gefe guda rami, har a fito Maisamari, Nguroje, sannan Gembu, wannan ma wani yinin ne. Kenan kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, baka ga komai ba tukunna kwana huɗu sun tafi. Ka ƙara biyu na zama, shida kenan, faɗa min ta yaya zaka cusa kwana shida tsakanin CDS da CDS ba tare da takarda ba. Mai amai a mota ya nemi maganinsa kuma ya zauna gaba. Kuma a hanyar nan bana son direban da aka ɗauko daga wani gari don yana da arha, a hau motar waɗanda suke hawa da sauka kullum, su suka san inda ake taka birki da inda ake barin giya tayi aiki.

Masu cewa "ai Chappal Waddi zamu hau" kuma ku zauna muyi magana. Shi ne dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, yana kan iyakar Kamaru a cikin gandun Gashaka-Gumti, wanda yafi kowane gandun ƙasa girma, an kafa shi 1991, ofishinsa na Serti. Ba wurin da ake tashi da safe ace mu je bane, sai da izinin gandun, sai da ma'aikatansu, akwai doguwar tafiya a babur, akwai kwana a tanti cikin sanyi, kwanaki ake yi. Wanda bai taɓa hawa ko Shere ba bashi da abin nema a can.

Kuɗi alawi guda zai tafi, wataƙila ya taɓa na gaba, kuma ku riƙe tsabar kuɗi don sabis yana ɗaukewa, taransifa ta maƙale kana tsaye gaban mai abinci. Damina a can doguwa ce, ruwa yana farawa da wuri ya daɗe bai ɗauke ba, hanya ta lalace, Disamba da Janairu sun fi. Ƙarko kuwa shi ne mafi rauni, mutum ɗaya aka hana izini ko aka matso da ranar kiliyarans, shikenan an fara "mu ɗaga zuwa wata mai zuwa". Ra'ayina, Mambila tafiyar bayan POP ce, wato bikin gama hidima, satifiket a hannu, ba LGI ba ogan ofis. Sai dai in a Taraba ko Adamawa kuke hidima, ko akwai ɗayanku da aka tura Gembu ko Nguroje yana da ɗaki, to lissafi ya canza gaba ɗaya.

A haɗu a gari

Ana raina wannan, amma shi kaɗai ne kusan kullum yake tabbata. A zaɓi gari na tsakiya inda ɗaya yake da gida, Kano ko Zariya ko Kaduna ko Abuja, kowa ya kawo kansa. A Kano a hau Dala da yamma, matakala ce, mintuna kaɗan an kai, a leƙa Gidan Makama da kasuwar Kurmi. A Zariya ga dutsen Kufena ga mai son abinda yafi Dala. Tsakanin Abuja da Kaduna akwai jirgin ƙasa tun 2016, daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa, tikiti ne dai sai an yi sammako a intanet. In da niyyar kallon hawan Sallah a Kano ku tabbatar za'a yi kafin ku biya kuɗin mota, an hana hawan a 2024 da 2025 saboda rikicin masarauta. Kwatan alawi ya isa, iyaye basa hana 'yarsu zuwa gidan da suka san sunan mai shi, kuma ko mutum uku ne suka zo an haɗu. Illarsa ɗaya, mai masaukin shi yake shan wahala, ga kuma 'yan garin da zasu leƙo awa ɗaya suce ana nemansu a gida.

Ga shi a taƙaice

| | Shere | Yankari | Mambila | Gari |
|---|---|---|---|---|
| Kwanaki | 2 zuwa 3 | 2 zuwa 3 | 6 ko fi | 1 zuwa 2 |
| Kuɗi | ƙasa da rabin alawi | rabi zuwa sama | alawi guda ko fi | kwata |
| Wahalar jiki | matsakaiciya | kaɗan | mai yawa | babu |
| In wasu sun fasa | shiri na nan | kuɗi ya hau kan saura | yakan rushe | shiri na nan |
| Abin tsoro | rikici, santsi | hanya, birai | hawan mota, nisa | hanyar zuwa kawai |
| Lokaci | Nuwamba zuwa Fabrairu | Janairu zuwa Afrilu | Disamba, Janairu | kowane lokaci |

Maganar takalmi, tunda shima kuɗi ne

Farin kambas ɗin kam kar ma ya fito daga ƙarƙashin gado, ƙasansa sumul yake, akan dutse sai ya kai ka ƙasa. Jangul but, babban takalmin da ake rabawa a kam, yana riƙe idon sawu kuma zai yi Shere, in dai wanda ka saba sawa ne kuma dai-dai ƙafarka, a sa safa biyu, a duba ƙasan ko ya fara buɗe baki a kai wa mai gyara ya ɗinke kafin tafiya. Mai zuwa Mambila ya shiga gwanjo ya nemi takalmi mai ƙasa gargaje da rigar sanyi mai kauri, zasu yi shekaru. Kaki kuma, yana taimako a shingen jami'an tsaro, gaskiya ne, amma a doguwar hanya ni nafi son a sa kayan gida, katin shaida da hula a jaka, in an tambaya a nuna.

To wa ya kamata ya zaɓi me?

In ku haɗin gambiza ne, jihohi daban-daban, aljihu daban-daban, kuma ƙarshen mako mai ɗan tsawo kawai kuke dashi, Jos. In akwai mota a cikinku ko kun kai ku cika Sharon kuma kowa ya biya tun kafin rana, hira da wanka kuke so ba haki ba, Yankari. In akwai masu aure ko masu goyo, ko wadda sai an kira Baba an yi bayani kafin ta fita, ko wata ya yi nisa aljihu ya bushe, a haɗu a gari a hau Dala a ci tsire. Mambila ta masu kwana shida ce da takarda a hannu, ko waɗanda suka gama, mutum huɗu ko biyar da suka san halin juna a tafiya, ba guruf mai mutum talatin ba.

Waɗanda aka tura kudu kuma basai kun ƙetare rabin ƙasa ba. In yamma kuke, Idanre na jihar Ondo, matakala sama da 600, yini ɗaya an gama, shi ne madadin Shere ɗinku. In Kuros Riba ko Binuwai kuke, Obudu tana kusa, sanyi da hazo irin na Mambila a kwanaki kaɗan, sai dai ku kira ku ji ko motar igiyar da ke ɗaukar mutane zuwa saman tsaunin tana aiki, in bata yi to hanyar kilomita 11 mai lanƙwasa 22 zaku bi a mota ko a babur.